Kama da Wane Ba Ta Wane: Shekara 11 da Aka Ci wa Ronald Cotton

A teburin mai shayi ko a rumfar 'yan canji, in ka ji an ambaci gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, to ka san hira ta gangaro kan rigimar miji da mata da batun ɗan wane ne. Haka muka san shi a ƙasar nan, don haka rediyo da wayar hannu suka kawo mana shi. Amma gwajin yana da wani tarihi da ba a cika ba mu ba. Ran da aka fara shigar da shi shari'ar kisan kai a duniya, ba kama mai laifi ya fara yi ba. Sakin wanda ke hannu ya yi, yaron ma da ya riga ya amsa laifi da bakinsa. Wannan tarihin nake so mu bi a wannan fitowar, ta kan labarin wani baƙar fatar Amurka mai suna Ronald Cotton. Na zaɓe shi ne don ba sharri aka ƙulla masa ba, ba kuma cin hanci aka ba wani a kansa ba. Da haka ne ma da labarin ya zo da sauƙi, mu tsine wa azzalumi mu tashi. Wadda ta ɗaure shi gaskiyarta ta faɗa, iya abin da ta yi imani ta gani.

A ƙarshen watan Yuli na 1984, a garin Burlington na jihar Karolina ta Arewa, wani mutum ya haura ɗakin wata ɗaliba farar fata mai suna Jennifer Thompson da tsakar dare. Shekararta 22. Ya ɗora mata wuƙa a wuya, ya yi mata fyaɗe. Ita da kanta ta fito ta ba duniya labarin daga baya, shi ya sa nake kama sunanta. Ta ce a cikin wannan hali ta ƙudurta cewa in har ta rayu sai ta gane mutumin nan. Saboda haka ta daure ta riƙa ƙare masa kallo: idanunsa, hancinsa, ɗan gashin bakinsa, tsawonsa, har muryarsa. Da ta samu ta lallaɓe shi da cewa za ta haɗo abin sha, sai ta fice ta ƙofar baya da gudu. A daren dai, ba nisa da wurin, mutumin ya afka wa wata matar.

'Yan sanda suka zana fuska bisa kwatancen da ta bayar, aka baza a gari. Sai wani ya buga waya ya ce ai wannan ya yi kama da wani yaro da ke aiki a gidan abinci nan kusa, Ronald Cotton. Shi ma shekararsa 22, kuma ba baƙon 'yan sanda ba ne, yana da tsohon laifi a takardunsu. Da ya ji ana nemansa, da ƙafarsa ya tafi ofishinsu don ya wanke kansa. Aka tambaye shi inda yake a daren, ya kawo bayani tiryan-tiryan, ashe ya rikita ranakun, labarin wani ƙarshen makon ya bayar. Kuskure ne da kowa kan yi. Wa zai iya faɗa muku inda ya kwana daren Asabar ɗin da ta wuce waccan ba tare da ya yi tuntuɓe ba? Amma a kunnen ɗan sanda, wannan ƙarya ce.

Kafin nan an shimfiɗa wa Jennifer hotuna shida. Ta ɗauki mintoci tana dubawa kafin ta nuna na Cotton, aka kuma nuna mata cewa ta yi daidai. Bayan kwanaki aka jera mata mutum bakwai a gabanta. A cikin bakwai ɗin, Cotton kaɗai ne wanda ta taɓa ganin hotonsa. Ta yi ɗan kokwanto tsakanin mutum biyu, sannan ta nuna shi, aka ce mata ai shi ne dai wanda kika nuna a hoto. Daga ranar duk wani shakku ya fita daga ranta. A watan Janairu na 1985 ta tsaya a kotu ta nuna shi da yatsa ba ko ɗar. Aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai da ƙarin shekara 50.

Bari mu bar shi nan mu tsallaka teku, don lokacin da yake tsare yana jiran shari'a wani abu ya faru a Ingila wanda shi ne zai buɗe masa ƙofa nan gaba. A garin Lesta ne, wanda 'yan ƙwallon cikinmu suka sani saboda Ahmed Musa da Ndidi da Iheanacho. Ranar 10 ga Satumba 1984, wani malamin jami'ar garin mai suna Alec Jeffreys ya ɗago wani faifan hoto a ɗakin gwaje-gwajensa, ya ga layuka-layuka baƙaƙe kamar tsagar fuska. Samfurin wata ma'aikaciyarsa ne da na iyayenta. Da ya ƙura ido sai ya ga wasu layukan nata daga uwa suke, wasu daga uba, amma jerin gaba ɗaya nata ne ita kaɗai. Abin da ke nan shi ne, a cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin ɗan Adam akwai wani dogon zare mai ɗauke da tsarin halittarsa, rabi gadon uba rabi gadon uwa. Yawancin zaren iri ɗaya ne a wurin kowa, amma akwai wurare da yake maimaita kansa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. In ka auna wuraren da dama ka haɗa, sai ka samu shaidar da babu mai irinta sai tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Ana samun zaren a jini, da yawu, da maniyyi, da saiwar gashi.

Abin da zai ba mu sha'awa mu mazauna ƙasar wasu shi ne, wanda ya fara cin moriyar gwajin baƙo ne. A 1985 hukumar shige da fice ta Ingila ta tsare maganar wani yaro ɗan asalin Gana da ya dawo wurin mahaifiyarsa, ta ce ba ɗanta ba ne, fasfo ɗin na jabu ne. Jeffreys ya gwada jinin yaron da na matar da na 'ya'yanta uku, ya nuna ɗanta ne na cikinta. Aka bar shi ya zauna.

Shekara ta zagayo, 'yan sandan yankin Lesta suka zo masa da tasu. An yi wa 'yan mata biyu fyaɗe an kashe su a ƙauyuka biyu maƙwabta, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, kowacce shekararta 15. Sun kama wani yaro ɗan shekara 17, Richard Buckland, mai aikin kicin a wani asibiti, wanda bai cika wayo ba. Bayan doguwar tuhuma ya amsa kisa na biyu, amma ya ƙi amsa na farko. Abin da suke so kawai malamin ya tabbatar musu cewa shi ya yi duka biyun. Gwaji ya fito ya ce lallai mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, amma ba wannan yaron ba ne. A Nuwamba 1986 aka sake shi. Sai da aka ɗebi jini da yawun maza wajen 5,000 a yankin kafin asirin mai laifin ya tonu, wani mai gashin burodi, Colin Pitchfork, wanda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, abokin kuma ya yi suɓutar baki a mashaya. Aka ɗaure shi rai-da-rai a 1988. Ku lura da wannan: da babu gwajin nan, yaron da ya amsa laifi shi za a ɗaure, kowa kuma ya tafi gida da natsuwar cewa an yi adalci.

Mu koma Amurka. Cotton na babban gidan yarin jihar sai aka kawo wani sabon fursuna, shi ma ɗan Burlington, shi ma laifin fyaɗe, sunansa Bobby Poole. Suna kama ƙwarai, har gandirobobi kan kira wannan da sunan wancan, ga shi kuma duka a kicin aka sa su aiki. Cotton ya dube shi ya tuna zanen nan da aka baza a gari. Ba a jima ba wani fursuna ya tsegunta masa cewa Poole na bugun ƙirji yana cewa wani na cin sarƙa a madadinsa. Cotton ya faɗa da bakinsa cewa har wuƙa ya ƙera don ya kashe shi. Mahaifinsa ne ya zo ziyara ya ja masa kunne, ya nuna masa cewa yanzu ba shi da laifi, amma ran da ya zubar da jinin mutumin nan, to zamansa a wurin ya halatta. Ya jefar da wuƙar.

A 1987 kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'a, saboda an hana masu taya alƙali yanke hukunci jin cewa mace ta biyu ta kasa nuna Cotton a jeri. Ya ɗauka fitarsa ta zo. Sai ga mace ta biyun ta zo ta ce yanzu ta gane shi, da can tsoro ne ya hana ta. Lauyoyinsa suka sa aka kawo Poole kotu, aka tsayar da shi gaban Jennifer. Ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganin wannan mutum ba a rayuwarta. Mutumin da ya ɗora mata wuƙa ke nan fa, wanda ta yi rantsuwar ba za ta manta fuskarsa ba. Cotton ya shiga da rai-da-rai ɗaya, ya fito da biyu.

Sai bayan shekara bakwai, lokacin da duk Amurka ta tattara hankali kan shari'ar O. J. Simpson ana ta maganar DNA a rediyo da talabijin, Cotton ya ji abin daga kurkuku ya roƙi sabbin lauyoyinsa, Richard Rosen da Tom Lambeth, su nemi a yi masa. Sun gargaɗe shi cewa in gwajin ya nuna shi ne, to maganar ɗaukaka ƙara ta mutu har abada. Ya ce a yi. Abin da ya cece shi wani ƙaramin abu ne: 'yan sandan Burlington ba su zubar da kayan shaidar 1984 ba, suna nan a ajiye. Samfur ɗaya ya lalace, amma ɗayan akwai ɗan abin da ya rage wanda ya isa a gwada. Ba na Cotton ba ne. Da aka gwama da na fursunonin da ke rumbun jihar sai ya faɗa kan Bobby Poole, shi kuma da aka tsare shi ya amsa duka biyun. Ranar 30 ga Yuni 1995 Cotton ya fito, yana da shekara 33. Ya shiga yana 22.

To me ya faru da idon Jennifer? Mukan ce gani ya kori ji, kuma shari'a a ko'ina tana girmama wanda ya ce na gani da idona. Amma masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa tunani ba kamar hoton waya yake ba, da za ka adana ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Duk sanda ka ɗauko shi sai ka taɓa shi. Da ta zauna ana zana fuska, zanen ya fara hawa kan fuskar gaskiya. Da ta nuna hoton Cotton, hoton ya hau kan zanen. Da aka jera mutane, ba mutumin daren nan take nema ba, mutumin hoton take nema ba tare da ta sani ba. Da aka ce mata ta yi daidai, sai aka sa wa abin kwaɗo. Ita da kanta ta ce ko bayan gwajin ya fito, in ta yi mafarkin daren, fuskar Cotton take gani.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 1992 wasu lauyoyi biyu a Niyok, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa ƙungiyar Innocence Project don bin irin waɗannan shari'o'i. A ƙididdigarta, daga 1989 zuwa 2020 gwajin ya wanke mutum 375 a Amurka bayan an riga an ɗaure su, 21 daga ciki har hukuncin kisa aka yanke musu. In aka raba shekarun da suka yi a tsare, kowa ya tashi da wajen 14. Kashi 69 cikin ɗari akwai shaidar da ya nuna wanda ba shi ba. Kashi 29 kuwa akwai amsa laifin ƙarya, irin na yaron Lesta. Kashi 60 na waɗanda aka wanke baƙaƙen fata ne. A cikin shari'o'in da shaida ya yi kuskure, fiye da kashi 40 shaidar da wanda ake tuhuma ba launinsu ɗaya ba.

Wannan na ƙarshen ne ya sa na ga labarin ya shafe mu. An tabbatar da cewa mutum ya fi iya bambance fuskokin mutanen da ya tashi a cikinsu. Mu nan kudu kowa a cikinmu Malam ne ko Aboki. Wanda aka yi wa fashi da dare ya ce wani Bahaushe ne dogo mai hula, to rabin Sabo ke nan. Ba lallai ƙiyayya ba ce, sau da yawa hular ya gani ba fuskar ba. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai abin ke ci. Mu ma in aka ɗauke mana kaya a kasuwa muka ce ga shi can, shi ne, na gane shi, irin idon Jennifer ne a kanmu. Bambancin kawai shi ne, a kasuwa in aka yi ihun ole, ba a jiran alƙali, kuma babu gwajin da ke tada wanda aka rataya wa taya.

Yawancin masu ba da irin wannan labari a bakin ƙofar kurkuku suke tsayawa, ana rungume-rungume ana ɗaukar hoto. Ni kuwa abin da ya biyo bayan ƙofar ya fi tsaya mini a rai. Gwamnan jihar ya ba Cotton takardar wankewa, dokar lokacin kuma ta ce diyyarsa dala 500 ce a kowace shekara, kada ta wuce 5,000. Kuɗin ƙuruciyar mutum ke nan. Sai da aka gyara dokar daga baya ya samu kusan dala 110,000. Wani abin mamaki a jihohi da dama na Amurka shi ne, wanda ya yi laifin da gaske aka sake shi bisa sharaɗi yana da jami'in da ke bibiyarsa, da shirin nema masa aiki da wurin kwana. Wanda aka gano ba shi da laifi kuwa, tunda ba mai laifi ba ne, shirin bai hau kansa ba. Sai a buɗe masa ƙofa kawai. A Ingila ma har 2023 akwai ƙa'idar da ta yarda a zaftare wa irin waɗannan mutane wani abu daga diyyarsu, wai kuɗin ci da kwanan da suka huta biya suna kurkuku. Sai da maganar Andrew Malkinson ta tashi, wanda ya yi shekara 17 a kan fyaɗen da bai yi ba, kunya ta sa aka soke ta. Shi wannan da ya amsa laifin da tuni an sake shi, ƙin amsawar ne ya ƙara masa wajen shekara goma.

Akwai wanda ma bai ga ƙofar ba. Timothy Cole ɗalibi ne a Teksas da aka ɗaure a 1986. Ciwon asma ya kashe shi a kurkuku a 1999. Gwaji ya wanke shi a 2008, aka ba iyalinsa takardar afuwa a 2010. Da sunansa jihar ta yi dokar da ke biyan dala 80,000 a kan kowace shekara.

Kuɗi ma ba shi ne babbar matsalar ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Kambirij, Adrian Grounds, ya duba maza 18 da aka ɗaure bisa kuskure aka sake su, ya fitar da sakamakon a 2004. Ya tarar 14 halinsu ya sauya sauyin da ba ya komawa, 12 kuma suna fama da irin firgicin da ake gani wurin waɗanda suka dawo daga yaƙi. Mutanen da a da ba su da wata larura. Iyalansu na cewa wanda ya dawo ba shi ne wanda aka tafi da shi ba: ba ya son taro, ba ya iya zama da 'ya'yansa, fushi kusa. Da yawa daga waɗanda aka wanke a Amurka sun ba da labarin yadda suke tara rasit na duk abin da suka saya, ko su tabbatar wani ya san inda suke kowane lokaci, don kada wata rana a sake tambayarsu ina kake daren kaza. Wani ya tsaya gaban ƙofa yana jiran a buɗe masa, ya manta yanzu shi ke buɗewa.

Sai kuma mutanen gari. Kirk Bloodsworth tsohon sojan ruwa ne a jihar Merilan, farar fata, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1985 kan kisan wata yarinya 'yar shekara tara, bisa shaidar mutum biyar da suka ce sun gan shi. A kurkuku ya karanta wani littafi kan shari'ar Lesta, ya nace sai an yi masa gwajin. Kayan shaidar da aka ce sun ɓata, a cikin wata jakar takarda aka tsinto su a ma'ajiyar ofishin alƙali. Ya fito a Yuni 1993, shi ne na farko a Amurka da gwajin ya wanke bayan an yanke masa kisa. Mahaifiyarsa ta rasu wata biyar kafin nan. Ya koma garinsu, amma tunda ba a kama wani ba, mutane suka ci gaba da kallonsa da abin. Har rubuta masa aka yi a ƙurar jikin motarsa cewa mai kashe yara. Shekara goma yana cikin wannan, sai a 2003 aka sa samfurin a rumbun gwamnati ya faɗa kan wani Kimberly Ruffner. Bloodsworth ya san shi sarai. Kurkuku ɗaya suka zauna, ɗakinsa na ƙasan nasa, har littattafai yakan kai masa daga laburare.

Duk wanda ya yi karatun allo zai tuna Annabi Yusuf, alaihis salam, a nan. Riga ce ta ba da shaida a kansa, aka ga ta baya ta yage, amma duk da haka aka kai shi kurkuku. Kuma da sarki ya aiko a fito da shi bai yi rawar jiki ba, sai da ya nemi a koma kan maganar matan nan a wanke sunansa tukuna. Fita daban, wankewa daban.

Jennifer kuwa shekara biyu ta yi tana ɗauke da nata nauyin, ga tsoron kada ya zo ramuwa, ga kunya. A 1997 ta nemi a haɗa su. Suka haɗu a wani coci kusa da inda abin ya faru, ta ce masa ko za ta kwashe sauran ranta tana ba shi haƙuri bai isa ba. Ya riƙe hannunta ya ce ya yafe mata tuntuni. Daga nan suka zama aminai, suka riƙa yawo tare suna magana gaban 'yan majalisa da 'yan sanda, suka fitar da littafi tare a 2009. Ɗan sandan da ya yi binciken, Mike Gauldin, da ya zama shugaban 'yan sandan garin, ya canza yadda ake jera mutane: a nuna su ɗaya bayan ɗaya, mai nunawar kuma ya zama bai san wanda ake zargi ba, don kada fuskarsa ta ba da amsa. A 2007 jihar ta mayar da wannan doka. Poole ya mutu a kurkuku a 2000. A watannin da Cotton ke tsare shi yana yawo, ya afka wa wasu matan, kuma wannan ma yana cikin kuɗin da kuskuren ya ci.

Mu a nan ina muka tsaya? Gwajin ba ya aiki sai an ɗebi samfur tun ranar farko an kuma adana shi shekara da shekaru, kuma ko a Amurka yawancin shari'o'i babu abin gwadawa a cikinsu. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayar halitta a 2017, aka ƙone ta a tarzomar Oktoba 2020. Mu tamu matsalar ma tun kafin hukunci take farawa, don wajen biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. A nan jihar Oyo aka yi shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa har gobe: Nasiru Bello, wanda aka yanke wa kisa kan fashi a 1980, ya ɗaukaka ƙara, aka kashe shi a 1981 ƙarar tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, shekara biyar bayan an binne shi.

Abin da ke hannunmu shi ne abin da doka ta riga ta ba mu, in mun sani. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma gaban lauyansa ko wanda ya zaɓa, da tafinta in ba ya jin Turanci, ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Yaron da ya sauka daga motar shanu jiya, ba Turanci ba Yarbanci, aka rubuta takarda aka ce dangwala, bai san ɗaya daga cikin waɗannan ba. Aikin masu unguwa ne da shugabannin kasuwa su isa wurinsa a daren farko, ba bayan wata uku ba.

Sannan in ya dawo. Kasuwancinmu a Sabo tun na kakanni a kan amana yake tafiya: maigida ya tsaya maka, a ba ka goro ko shanu ko kuɗin canji ba takarda, saboda sunanka. Wanda ya yi shekara huɗu a Agodi aka sallame shi don babu shaida, ya dawo ya tarar rumfarsa na hannun wani, wadda aka sa musu rana tana goyon na biyu. Za a yi masa barka da arziki, a ci shinkafa. Washegari ya je neman kaya bashi sai a ce a dawo jibi. In ya nemi aure a yi ta bincike, a ƙarshe a ce ai ɗan gidan yari ne, ba mai tambayar ko alƙali ya same shi da laifi. Na sha jin ana cewa ai banza ba ta kai zomo kasuwa, ni ma na taɓa faɗa. Shi ba shi da gwajin da zai ɗaga ya nuna mana, kuma wanda ya yi laifin ba zai taɓa zuwa ya amsa ba.

Cotton ya yi sa'ar da irin wannan yaron ba ya samu. Bayan fitarsa, kamfanin da ya yi gwajin da ya wanke shi, LabCorp, wanda hedikwatarsa ke nan Burlington, ya ɗauke shi aiki. Su dai ba sa buƙatar a rantse musu, sun ga sakamakon da idonsu. A wurin aikin ya haɗu da matar da ya aura, suka haifi 'ya mace, kuma da kuɗin diyyar ya sayi fili.